Sunan da ke Ƙarƙashin Gwangwanin Sukari

Shekara goma sha ɗaya mijina Anton Zelenka ya yi yana durƙusawa a sahun gaba na ƙwallo, kai da kai da ƙattin da ba su san tausayi ba, yana tunkuɗe su don mai gudu da ƙwallo a hannu ya sami hanyar wucewa. Shi ba ya taɓa ƙwallon, ba a tafa masa, jarida ma sai ta ga dama take ambatonsa. Abin da ya kwaso a shekarun nan shi ne hancin da ya karye sau huɗu, da kunnen hagu da ya dunƙule, da ƙaramin yatsan hannun dama da ya lanƙwashe waje ya ƙi komawa. Ni Ludmila, wadda yake kira Milka, na auri wannan duka ina sane, don haka ba ni da bakin ƙorafi, ko da yake ina yi.

A shekarar 1920 kwalejin garinmu, Marlow Creek, ta ɗauke shi koci. Kwalejin majami'a ce, shugabanta kuwa wani Rabaran ne mai siririn wuya, wanda a wurinsa duk wanda ya karɓi kuɗi ya buga ƙwallo ran Lahadi ya yi zunubi biyu a tafiya ɗaya. Ya sa Anton ya rantse ya bar wasan kuɗi. Dokar duk kwalejojin yankin ke nan: kocin da aka kama an kore shi har abada, ɗalibin da aka kama shi ma haka, a kuma soke duk wasan da kwalejin ta ci a shekarar. Anton ya rantse, aka ba mu gida mai bene a bayan fili, har da itacen tuffa a tsakar gida. Mutumin da ya tashi a bakin tanderun narkar da ƙarfe, yau ga shi cikin kwat ana cire masa hula a titi. Mako uku rantsuwar ta yi ta karye.

Kar ku ɗauka mijina ya fi kowa lalacewa. Rabin sahun gaban ƙungiyar Calder, garin masana'antu da ke awa biyu daga wurinmu a jirgin ƙasa, masu horarwa ne da ɗaliban kwaleji. Kowa sai a ba shi sunan aro, ya shafe fuska da filasta daga goshi zuwa haɓa kamar wanda ya ji rauni, ya danna hular fata, ya shiga fili. Sunan kuma canza shi ake kowane mako don kar wani ɗan sa-ido ya bi sawu. Suna da ƙa'ida guda wadda Anton ke faɗa kamar addu'a: "A Calder ban san ka ba, ba ka san ni ba. Ko ƙafarka ce ta cire, sunan da aka ba ka shi ne sunanka har ka hau jirgin gida."

Maganar gwangwanin sukari ni na kawo ta. Na ce masa, "In ka je ka mutu a can, in san sunan gawar da zan je in karɓo." Ya yi dariya har da buga tebur, amma tun daga ranar duk Lahadi da safe sai ya rubuta sunan makon a 'yar takarda ya tura ƙarƙashin gwangwanin kafin ya fita. Ni kuma ba na dubawa. In ya dawo a jirgin bakwai na yamma yana ɗingishi yana neman dankali da kabeji, sai in jefa takardar a murhu ban karanta ba.

Wata Lahadi a Nuwamban 1922 jirgin bakwai ya zo ya wuce, Anton bai shigo ba. Na ce jirgi ya kuɓuce masa, yana can yana shan giyar ɓoye da abokan banzarsa, in ya dawo zai ji bakina. Da wannan na lallashi kaina har gari ya waye.

Litinin da safe jarida ta faɗo bakin ƙofa. Na ɗora tukunyar kofi, na buɗe shafin wasanni a tsaye. Labarin ɗan ƙarami ne a ƙasan shafi. Wani ɗan sahun gaban Calder mai suna Gus Tiller ya karye a wuya a rabin wasa na biyu, yana asibitin 'yan Sista, likita bai ba da fata ba. Yana magana, amma ban da sunansa ya ƙi faɗin komai, don haka ana cigiyar danginsa.

Na daɗe ina kallon gwangwanin nan. Tsakanina da shi taku uku ne kacal. Na ce a raina sunaye nawa ne a duniya, 'yan sahun gaba kuma bakwai ne, ba dole ne ya zama shi ba. Na je na ɗaga. Rubutunsa ne, manyan baƙaƙe masu karkata kamar za su faɗi: Gus Tiller.

Ban yi kuka ba, tsoro bai bar mini wurin kuka ba. Na ɗauki kwat na saka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da wanda zan gaya wa. In na buɗe baki na ce mijina na kwance a Calder, kafin azahar Rabaran ya ji. In Anton ya tashi, ya tashi ba aiki ba gida, shi kuma yana can wuya a karye yana riƙe da bakinsa saboda aikin da gidan. Ba ni zan tona abin da yake rufewa da sauran numfashinsa ba.

Ina neman jakata aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Hester Pruitt ce, maƙwabciyarmu, gwauruwar da ke wanke rigunan 'yan ƙwallon kwaleji. Ɗanta guda, Orrin, ɗan shekara ashirin da ɗaya, shi ne mafi girman jiki a sahun Anton, kuma shi ne ɗan lelensa.

"Matar Koci, kin tashi lafiya? Koci na ciki?"

"Ya fita, Maman Orrin."

"Af. Dama wannan ƙaton nawa nake cigiya. Jiya ya ce mini zai je gonar su abokinsa taya su cire masara, har yanzu shiru. Na ce ko ya gaya wa Koci wani abu, tun da ya fi jin maganarsa da tawa. Uban cin tsiya, na ajiye masa rabin kaza tun jiya, yau ko kyanwa ta cinye ba ruwana."

Tana dariya tana faɗa, amma tana murza gefen ƙyallen wankin da ta ɗaura a gaba. Na gani, ban damu ba. Wallahi ji na yi kamar in ture ta daga hanya. Ni mijina na mutuwa, ita tana yi mini zancen kaza.

"Saurayi ne, Maman Orrin, ya sami budurwa a ƙauyen ke nan. Zai dawo. Ki yi haƙuri, sauri nake."

Na rufe ƙofa tana tsaye a kan matakala.

A tasha mai sayar da tikiti, surukin Rabaran ne kuma shi ke buga wayar tangarahu ta garin duka, ya dube ni ta saman tabarau.

"Calder? Me ake sayarwa a Calder ban da hayaƙi, Matar Koci?"

"Ƙanwata ce ba lafiya."

"Ikon Allah, ashe kina da ƙanwa. Shi Koci fa, ba zai raka ki ba?"

"In ka ga mijin da ke raka matarsa gaida dangi, ka ajiye mini shi in saya."

Ya yi dariya ya miƙo tikitin. Na karɓa na juya da sauri kafin ya sake wata tambayar.

A cikin jirgi wasu ma'aikatan ƙarfe biyu suka zauna a kujerar bayana, suka kama hirar wasan jiya. Na so in tashi, na kasa.

"Ina nan bakin igiyar fili, wallahi da kunnena na ji ƙarar. Ƙas! Kamar an taka busasshen reshe."

"Kai dai maƙaryaci ne, kana can bayan mai sayar da gyaɗa ka ji ƙarar wuya?"

"To kar ka yarda. Mai filastar nan ya sunkuyar da kai ya shigo ƙasa ƙasa, Guduma kuma ya ɗago gwiwa. Shi ke nan. Ni na rasa wane mahaukaci ne ke kai wa Guduma kansa."

"Ai ba a gama ɗauke shi ba aka ci gaba da wasa."

"To a tsaya? Mutane sun biya kuɗin shiga."

Na san Guduma, ko da yake ban taɓa ganinsa ba. Wani ƙaton mahaƙin kwal ne da ke tsayawa a sahun abokan karawar Calder, kuma shi kaɗai ne mutumin da in an ambace shi Anton ke yin shiru. Na san shiga ƙasa ƙasa ma, salon Anton ne, shi yake koya wa yaransa kullum a filin bayan gidanmu, ina jin muryarsa ta taga: "Kai ƙasa! Wanda ya fi ƙasa shi ke ci!" Na sa hannu a baki na riƙa karanta duk addu'ar da uwata ta koya mini, ina yi ina ɓatawa ina sakewa, har muka shiga hayaƙin Calder.

A ƙofar ɗakin marasa lafiya wata tsohuwar Sista ce zaune da babban littafi.

"Wa kike nema, 'yata?"

"Gus Tiller."

Ta ajiye alƙalami. "Ke wace ce a wurinsa?"

Sunan Zelenka ya zo mini har kan harshe, na haɗiye shi. "Matarsa ce."

"Mun gode Allah. Tun jiya muke fama da shi, ya ce ba shi da kowa a duniya." Ta rubuta ni a littafin, matar Gus Tiller, sannan ta kama hannuna. "Ki daure, kin ji? Daga wuya zuwa ƙasa ba abin da yake ji. Numfashin ne ke raguwa kaɗan kaɗan. Likita ya ce da wuya ya wuce gobe. Kar ki taɓa kansa."

Ta kai ni gadon ƙarshe, ta ja labule ta bar ni. An tare kansa da buhunan yashi ƙanana dama da hagu. Filastar wasan na nan a fuskarsa, ta yi baƙi da laka, ba su cire ba don tsoron motsa wuyan. Ban iya kallon fuskar ba. Na sunkuya na nemi hannunsa na dama a kan bargo don in riƙe.

Ƙaramin yatsan a miƙe yake.

Na juya hannun, na sake juyawa. Babu lanƙwasa, babu tabon ƙunar tanderu a bayan hannun. Hannun yaro ne, babba amma sabo. Na zube a ƙasa bakin gadon, na ji bakina yana cewa, "Na gode maka Ubangiji, na gode, na gode." Da ƙarfi na faɗa, ban ɓoye ba. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena.

Sai na ɗaga kai na ga idanu biyu na kallona ta tsakanin filasta. Shuɗɗan idanu, da jan gashi da ya leƙo a goshi. Yaron da ke saran mana itace duk kaka, ya cinye mini burodi guda a tsaye yana ba ni haƙuri.

"Orrin?"

Ya ja numfashi da ƙyar, ƙirjinsa ko motsi ba ya yi, cikinsa ne kawai ke ɗagawa.

"Ban san ki ba, madam," in ji shi. "Sunana Gus Tiller."

Na fita ban san inda nake jefa ƙafa ba. A matakalar baya, inda ake shigo da kwal, na same su: Anton zaune a kan mataki da kayan jiya a jikinsa, da Mulcahy, manajan ƙungiyar Calder, gajere mai jan wuya, tsaye a kansa yana magana ƙasa ƙasa. Da Anton ya gan ni ya miƙe, fuskarsa ta zama toka. Na rungume shi, sannan na ja baya na kwaɗa masa mari, duka biyun kuma daga zuciyata suka fito.

"Sunanka ne. Na gani a ƙarƙashin gwangwani. Yaya aka yi ya koma kansa?"

"Milka..."

"Kar ka ce mini Milka. Faɗa mini."

Ya koma ya zauna. Ya ce tun makon da ya wuce hannunsa na hagu ke mutuwa in an buge shi a kafaɗa, bai gaya wa kowa ba. Orrin ya daɗe yana roƙon ya je da shi ya ga wasan manya, jiya ya yarda, kallo kawai. A rabin farko Guduma ya haɗu da shi sau uku, a na ukun ya tashi bai san inda hannunsa yake ba.

"Da aka tafi hutu na zauna a ɗakin canza kaya, na kasa ɗaura igiyar takalmi. Ba ciwon ba ne, Milka. Tsoro ne. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin haka ba. Na san in na koma zai kashe ni." Ya dubi hannuwansa. "Yaron na tsaye yana kallona. Ya ce, Koci, ba ni rigar. Tsayinmu ɗaya, sunan na wurin alƙalin wasa, ba wanda zai gane. Ni da hannuna na manna masa filastar. Na ce masa ya shiga ƙasa."

"Ka kuma kasa aiko mini ko kalma ɗaya."

"Ta hannun wa? Surukin Rabaran?"

Mulcahy ya cire sigari daga baki. "Madam, ki saurare ni, ni ba mugu ba ne. Abin da ya faru ya faru, likita ya gama magana. Yaron kansa ya san ƙa'ida, ya riƙe ta kamar namiji. In ya cika, ƙungiya za ta yi masa sutura mai kyau a nan, akwati na katakon kirki, da dutse. Samari nawa ke barin gida su tafi yamma neman aiki ba a sake jin ɗuriyarsu? Uwar za ta yi kuka wata biyu, ta ce ya gudu. In kuwa aka faɗi sunansa, mijinki ya gama yawo, kwalejinku ta gama, ni ma 'yan sahuna huɗu za su bi shi. Shi kuma yaron ba tashi zai yi ba. Wa aka taimaka wa?"

"Tana can ta ajiye masa rabin kaza," na ce.

"Me?"

"Ba da kai nake ba, mai wuyan alade."

Amma in faɗa muku gaskiya, maganarsa ta shige ni. Na ga gidan mai bene, na ga itacen tuffa, na ga Anton ya koma bakin tanderu da hannu guda mai mutuwa. Na ga kaina ina wucewa ta ƙofar Hester kullum ina cewa, an ji labarinsa kuwa? Na ji tsoron faɗa, na ji tsoron yin shiru, ban san wanda ya fi ba. Sista ta riga ta rubuta ni matar Gus Tiller. Abin da ya rage kawai in sa hannu a takardar karɓar gawa in an miƙo mini.

Na dubi Anton. Ƙaton mutum, ya cika matakala, ya takure kamar ɗan kaza.

"Ka shiga wurinsa tun jiya?"

Ya girgiza kai. "Ƙa'ida ce. Ba mu san juna ba."

"Ni na shiga. Ya dube ni ya ce bai san ni ba. Numfashinsa bai fi na kyanwa ba, yana kashe shi wajen tsare maka aiki. Uwarsa ta zo ƙofata da safe tana cigiya, na rufe mata ƙofa a fuska. Jirgin ƙarshe da zai kawo ta yau yana tashi ƙarfe biyu, yanzu sha biyu ta wuce. Ni ba zan faɗa ba, Anton. Ba ni na manna masa filasta ba."

Mulcahy ya fara, "Zelenka, ka yi tunani..." Anton ya miƙe, bai ture shi ba, tafiya kawai ya yi, Mulcahy ya ga in bai kauce ba za a bi ta kansa.

Na bi shi har bakin gadon. Sista ta taso tana cewa dangi kawai, ya wuce ta. Ya tsaya a ƙafar gadon, ya sa hannuwa a baya kamar yadda yake tsayawa a fili in zai kira suna. Duk yamma kafin atisaye haka yake yi, ya kira sunan mahaifin kowane yaro, yaro ya amsa.

"Pruitt."

Idanun suka buɗe, suka tsaya a kansa, suka cika da ruwa.

"Ban san ka ba, malam."

"Pruitt, an tashi wasa. Ka ji ni? An tashi."

"Sunana... Gus Tiller."

Anton ya sauke hannuwansa daga baya. Ya juya wurin Sista, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji, har da ɗan jaridar da ke zaune a benci tun safe yana jiran a mutu.

"Sista, ki gyara littafinki. Ni ne Anton Zelenka, kocin kwalejin Marlow Creek. Ni ne Gus Tiller na jiya, ni na buga rabin farko. Wannan ɗalibina ne, ni na kawo shi, ni na ba shi rigata don na ji tsoro. Sunansa Orrin Pruitt. Yana da uwa, Hester Pruitt, a titin bayan fili. A buga mata waya yanzu. Wannan kuma matata ce, ba tasa ba."

Ɗan jaridar ya riga ya zaro fensir. Anton bai ko dube shi ba, ya koma ga gadon.

"Ka ji, na faɗa. Babu sauran abin tsarewa. Pruitt."

Na ɗauka ya tafi. Sannan leɓen ya motsa.

"Ina nan, Koci." Ya huta. "Za ta kashe ni... na ce mata masara."

Anton ya durƙusa a bakin gadon, ya roƙi Sista ruwan ɗumi, ya riƙa jiƙa filastar yana ɓare ta kaɗan kaɗan da hannunsa mai lafiya, Sista na riƙe da kan. Ya ce uwar ba za ta zo ta same shi da fuskar wani ba. Ya fi rabin awa yana yi.

Ran Laraba Rabaran ya sallami Anton, a takarda, bai ko yarda su haɗa ido ba. Kafin ƙarshen wata mun bar gidan, tuffar shekarar ma wasu suka ci. Anton ya koma masana'anta, ya yi shekara ashirin da biyu a can, bai sake taka filin ƙwallo ba ko don kallo. Orrin ya cika Talata da hantsi, uwarsa na shafa masa gashi, aka kai shi gida aka binne shi kusa da ubansa da sunansa a kan dutse. Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ban iya ajiyewa ba shi ne abin da ya faru a ƙofar asibitin ran Litinin ƙarfe huɗu da rabi.

Ni aka tura in tarye ta. Ta sauko daga motar haya da ƙyallen wankinta a ƙarƙashin kwat, takardar wayar a dunƙule a hannunta. Ta gan ni ta tsaya. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ta yi da na fi samun sauƙi.

"Yana da rai?"

"Yana da rai, Maman Orrin. Yana jiranki."

Ta hau mataki biyu, ta juyo.

"Da safe da kika rufe mini ƙofa, kin sani?"

"Ban sani ba, na rantse da Allah. Na ɗauka nawa ne."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai auna maganar. "Da kika zo kika ga ba naki ba ne fa?"

Ina iya cewa na yi kuka, ina iya cewa na suma. Amma yaron na ciki, da kunnensa ya ji ni ina godiya, kuma ranar na gaji da sunayen ƙarya.

"Na gode wa Allah," na ce.

Ta dube ni. "Ni ma da haka zan yi," in ji ta. Ta wuce ciki, ta bar ni a kan matakala.